Tambayar da Na Ƙara a Takardar Malama

Ni ne na yi laifin. Na faɗa tun daga farko don kada mai karatu ya wahala yana neman wanda zai zarga. Layi biyu na ƙara a takardar da ba tawa ba, kuma da gangan na yi, ina murmushi.

A shekarun da aka sauya tsarin sakandare aka ce yara su riƙa koyon dogaro da kai, an kafa wani ɗan kwamiti a Maiduguri don ya tsara manhajar koyar da kasuwanci. Mu uku ne. Shugabanmu tsohon firinsifal ne, Babarbare, wanda da zarar an yi azahar sai gyangyaɗi. Sai wata malama 'yar kudancin Borno da ke zaune a unguwar Wulari, mijinta akawu ne a coci. Sai ni, mai takardar malanta ta Gired Tu, wanda ko allura ban taɓa sayarwa ba. An sa ni ne kawai don na iya buga tafireta da yatsu huɗu.

Shugaba ya ce ni da malama kowa ya rubuto nasa tsarin. Wanda ya fi kyau shi za a kai ma'aikatar ilimi, mai shi kuma ya tafi taro Kaduna. Ni kuwa a lokacin ban taɓa wuce Potiskum ba.

Na samo wani tsohon littafin Turanci na kwashe abin da ke ciki: ma'anar ɗan kasuwa, halayensa bakwai, ire-iren kamfani. Malama kuwa cewa ta yi a fitar da yara daga aji. Kowane zango su je su zauna da mai sana'a na gaske, tela ko mahauci ko mai suyar ƙosai, su yi tambaya, su dawo makaranta su gwada da hannunsu. Da na karanta nata na san ya fi nawa nesa ba kusa ba. Abin da ya ƙona min rai ke nan.

Kawuna fatoma ne a Kasuwar Shanu, wato shi ke saukar da makiyaya a gidansa da ke unguwar Limanti, ya tsaya musu wajen ciniki. Malama ta roƙe ni na haɗa su. Sau uku tana zuwa ta zauna a gefen tabarmarsa da littafinta. Daga nan aka sa rana: za ta kai aji guda kasuwar, shugaba da wani sufeto daga ma'aikata su gani da idonsu ko tsarin nata zai yiwu.

Ta kawo min tambayoyin da yaran za su yi, ta ce, "Malam, taimaka ka buga min. Rubutuna kamar kaza ta yi tono."

Na ce, "Haba Malama, ai yi wa kai ne."

Duk wanda ya tashi a gidan fatoma ya san ba a tambayar makiyayi yawan shanunsa. Gani yake bakinka zai kama garken. Nuna su da yatsa kana ƙirgawa kuwa, gara ka zage shi. Sai na buga a can sama, lamba ta ɗaya: "Shanunka nawa?" A ƙarƙashi na ƙara: "Idan bai amsa ba, ƙirga da kanka." Ban miƙa takardun ba sai da yara suka hau mota, na raba musu da hannuna.

Wata yarinya mai himma ce ta fara. Ta tsaya gaban wani dogon dattijo Shuwa, ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, shanunka nawa?"

Ya dubi sama ya ce, "Na Allah ne."

Ta dubi takardarta, ta ɗaga biro ta fara nunawa: "Ɗaya, biyu, uku…"

Na waiga na ga ko'ina abin da ake yi ke nan, yara cikin fararen kaya suna ta nuna shanun mutane da biro. Ga sufeto a tsaye da farar taguwa da fayil a hammata. Sai wani ya ƙwala ihu: "Jangali ya dawo!" An daɗe da soke harajin shanu, amma ba a soke tsoronsa ba. Nan take aka shiga kwance igiyoyi ana kora shanu ta kowace kafa. Dattijon nan ya ɗaga sanda ya nufi mai fayil. Sufeto ya haye bayan mota da takalmi ɗaya, ɗayan ya bar shi a cikin kashin shanu. Ranar ce kaɗai na ga shugabanmu ido biyu tar bayan azahar. Ni kuwa na laɓe a bayan mota ina dariya har da hawaye.

Dariyar ba ta kai mako ba. Sufeto ya ce a cire malama daga kwamiti, a ba ta takardar tuhuma, wadda in ta shiga fayil ɗin ma'aikaci sai ta tare masa ƙarin girma shekara da shekaru. Da shugaba ya tambaye ta, abin da ta ce kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, ni na kai yaran." Ba ta ko kalle ni ba. Aka ce in shirya tafiya Kaduna. Na kai wa tela yadi ya ɗinka min kayan tafiya.

Ran Juma'a na je gidan kawu cin abinci. Na wanke hannu zan sa a akushi, ya janye shi gabansa.

Ya ce, "Baƙina biyu sun koma wajen wani fatoman. Sun ce daga gidana ake kai wa gwamnati rahoto."

Na ce, "Ai Kawu, matar nan ba ta san kan kasuwa ba."

"Ranar da ta fara zuwa, abin da na fara gaya mata ke nan, kada a tambayi yawa. A gabana ta rubuta, har ta ja layi a ƙasa. To a ofishin naku wa ya san abin nan ban da ita?"

Na ce wataƙila tafireta ce ta yi kuskure.

Ya ce, "To tafiretar ta zo ta ci tuwo. Kai kuwa ba ka ƙara sa hannu a kwanona sai ka gyara ɓarnar da ka yi."

Ina so in ce imani ne ya kama ni, amma gaskiya kunyar kawu ce ta fara, imanin daga baya ya iso. Kwana shida ina jan ƙafa. Sai da na ga takardar tuhumar a teburin shugaba tana jiran sa hannu, sannan na zauna na rubuta masa duk abin da na yi, na sa sunana a ƙasa, na ajiye a kanta.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci na tafi Wulari. Mijinta ya leƙo ya ce, "A'a, ɗan Kaduna ne da kansa! Shigo mana."

Malama tana zaune a tsakar gida tana tsintar wake. Ta ce, "Malam, an gama ɗinkin?"

Na ce an gama.

"To Allah ya kiyaye hanya. Ko akwai abin da za a buga ne?"

Ta tura min kujera da ƙafa, amma ban zauna ba. Na cire hula na ce:

"Malama, ni na ƙara tambayar nan, kuma na san abin da za ta jawo. Naki ya fi nawa, shi ya sa. Na rubuta wa shugaba komai, na ce naki za a kai, ke za ki tafi. Na bar ki kin ɗauki laifina kwana da kwanaki ina kallo. Ban da hujja ko ɗaya. Don Allah ki yafe min."