Kadiri da Jita Mai Hannu

Duk wanda ya zauna unguwar Nima a shekarun saba'in ya san Kadiri Jita. Wanda bai san fuskarsa ba ma ya san wandonsa mai faɗin ƙafa, wanda ke share masa hanya kafin ya iso. Ni kam na san shi fiye da yadda nake so, domin shagona na gyaran rediyo shi ne asibitin jitarsa.

Mahaifiyarsa, Mma Alima, koko take sayarwa a Maamobi. Ta kai shi koyon ɗinki, ya ƙware wajen sulalewa daga shago. Daga nan ya shiga wata ƙungiyar makaɗan hailaif, ya shekara goma sha biyu yana kiɗa, amma uwarsa ba ta taɓa zama ta saurare shi ba. A wurinta kiɗan lantarki da shashanci uwarsu ɗaya. Abin yana cin Kadiri a rai ƙwarai, ko da yake gara a yanka shi da ya amsa hakan a gaban mutane.

Jitar lantarki iri biyu muka sani. Akwai wadda ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyinta a kafe yake jikin katako. Ka saita ta da safe, ta kai ka yamma. Akwai kuma mai hannu, wadda makaɗa ke kira tiremolo. Ita ƙarfenta a kan sifirin yake lilo, da wani guntun ƙarfe kamar hannu a gefe, in ka danna shi sai sautin ya yi rawa kamar muryar mai kuka. Tana da daɗin ji, ban musa ba. Sai dai tsirkiyoyin shida da sifirin jan juna suke yi, in guda ta tsinke, sauran biyar duk sun bar saiti. Ba sai na faɗi wadda Kadiri ya zaɓa ba. A Tema ya samo ta hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa, ja wur, kuma tun daga ranar ya daina gaida masu kafaffiyar jita da kyau.

A shekarar tamanin da uku kaya suka ɓace a kasuwa. Sabulu ma sai da layi, balle tsirkiyar jita. Makaɗanmu suka koma warware wayar birkin keke, a zare sili guda a ɗaura. A kafaffiyar jita dabarar tana kai mutum gida. A mai hannu kuwa neman magana ne, don silin birki ba ya jure a ja shi a saki.

Cikin wannan hali ƙanwarsa Sabuwa ta haihu a Kotobabi, mijinta ya ce ƙungiyar su Kadiri ce za ta yi wasan suna. Tsarin kowa ya san shi: bayan la'asar mata su fito, mawaƙi ya kira sunan kowace ta shiga fili ta taka, kakar jariri ce kan gaba, kuma da ladan ya buɗe baki don magariba an kashe na'ura, ba roƙo ba lallashi. Wato dai Mma Alima ba ta da hanyar gudu.

Kadiri ya faɗo shagona yana haki, da Hausarsa ta samarin Nima wadda ba ta raba mace da namiji. "Cale, abokina, Mma ya ce zai zauna. Wannan karo zai ji ni paa, ji na sosai."

Na duba jitar, na ga silin birki a tsirkiya ta ɗaya da ta biyu. Na ce ya ari kafaffiyar jitar Wasiu, abokin kiɗansa, ko ya bari in cusa guntun katako in tokare sifirin ɗin na yini ɗaya. Ya dube ni kamar na ce ya je sunan ba wando.

"Shekara goma sha biyu ina jira, sai in fito wa Mma da benci mai waya? Sai jitar nan ya yi masa kuka."

Ranar suna na je da kaina, wai don in kula da lasifika. Gaskiya sun fara da kyau. Mawaƙi ya kira Alima kakar jaririya, tsohuwa ta miƙe tana gyara mayafi, mata suka ɗauki guɗa. Nan ne gwanin namu ya danne hannun jitar har ƙasa, ya saki. Silin ya tsinke, sauran tsirkiyoyin kowace ta kama gabanta, kiɗa ya watse.

Wasiu ya miƙo masa tasa jitar a gaban kowa. Kadiri ya kau da kai. Ya zaro sabon sili daga aljihu ya ɗaura, ya shiga saiti. In ya gyara ta ɗaya, ta uku ta zame, in ya koma ta uku, ta shida ta tafi yawo. Lasifika kuwa a kunne, duk Kotobabi na jin tin, ton, tin. Mata suka koma kan tuwonsu. Mma Alima kaɗai ta zauna, ta haɗa hannuwa a cinya, tana sauraro da natsuwar mai jin wa'azi. Yana kan tsirkiya ta biyar ladan ya kira salla.

Na taso da baƙar maganata a shirye, amma tsohuwar ta riga ni isa wurinsa. Ta dafa kafaɗarsa, fuskarta a sake.

"Ashe haka kiɗan naka yake, Kadiri? Guda-guda, ba hayaniya. Da na sani ai da tuni na zo. Allah ya yi maka albarka."

Kadiri ya ce amin. Ni kuma na haɗiye baƙar maganata, don tausayinsa ya kama ni.

Ba ta sake zuwa wasansa ba, ta ce ta ji kuma ta gamsu. Ta ƙara shekara shida a duniya, kuma duk wanda ya zo sayen koko ya kushe makaɗa sai ta tare shi, ta ce ban da ɗanta, shi nasa kiɗan na masu hankali ne, ita da kunnenta ta ji. Kadiri yana zaune a gefe da kofinsa, bai taɓa gyara mata ba.