Sagir na Filin Karnuka

Shekara bakwai ke nan cur da muka kai Sagir makwancinsa a nan Alƙahira, bayan 'yar gajeruwar jinya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan. Tare muka taso a Gombe, tare muka zo karatun addini, ɗaki ɗaya a unguwar Hayyin Ashir, tiren abinci ɗaya. A da, idan aka tambayi wanda ya fi kowa sanin Sagir, ko waiwayawa ba na yi, ni ne. Yanzu kuwa sai in yi shiru. Dalilin shirun nan zan faɗa yau, ko da za a ce Malam Habu ya girma bai san ya girma ba.

A shekararmu ta uku mikrobas, wato ƙaramar motar haya, ya lalace da mu a can gefen Giza, kusa da wani fili mai shinge. Muka leƙa, sai ga samarin Masarawa da manyan karnuka irin na 'yan sanda. Wasa ne da suka ɗauko daga Turai. Kare ya bi sawun mutum da hanci, ya tsallake katanga, ya kwanta in an ce kwanta. Sannan wani ya sa hannun riga mai kauri na algarara ya fito kamar ɓarawo, kare ya cafke hannun, da ubangidansa ya ce saki, ya saki nan take. Ni dai na ce a'uzu billahi, yalla mu tafi. Sagir ya riƙe shingen nan ya ƙi motsi.

Daga ranar, kowace Juma'a ana idar da salla sai fili. Mai horarwar, wanda suke kira Kabtin, ya damƙa masa wani kare mai suna Ra'ad ya riƙa horar da shi a can filin, tunda mai gidan da muke haya ko kyanwa ba zai bari a shigo da ita ba. 'Yan'uwanmu ɗalibai suka laƙaba masa Shehin Karnuka. Bai taɓa fushi ba. Sai ya tuna musu cewa a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma na farauta da na gadi shari'a ta san da su. Burinsa ya kai wasan nan gida. Ya ce muna da karnuka muna jifan su, muna da shanu ana kwashe su, ba wanda ya zauna ya haɗa biyun.

Wata rana ya same ni ina bitar karatu. Ya ce, "Habu, ka zo ka sa mini hannun nan mana. Aikin sai wanda ya yarda da kai, kai ma ka yarda da shi." Na ce, "Ni? Da farar jallabiyata, in tsaya kare ya cije ni da gangan ina kallo? Khalas, magana ta ƙare, mutumina, nemi wani." Kuma wallahi ko yau aka sake tambayata amsar ke nan. Ya kuwa nemi wani. Usman, wani Bahaushen Sudan mai fenti da ke zaune a Hadayek el-Maadi, shi ya sa hannun.

To, a nan kishina ya fara, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba. Kishin kare na yi, na yi kishin mai fenti. Sagir ya dawo da yamma da gashin kare a wando, bakinsa Usman ya yi, Ra'ad ya yi. Ni da muka sha bulalar malami ɗaya na zama mai sauraro.

Yau da zai ɗaga kai ya ga wayoyin mutane, da ya yi dariya har ya gaji. Samarin Abuja da Kaduna sai bidiyon karnuka suke yaɗawa, kowa na neman inda zai koya. Har cikin waɗanda suka yi masa laƙabi akwai mai tambayata yanzu ko na san inda ake samun ɗan kwikwiyo mai kyau. Kai, mutane! Amma na san zai ɓata rai da masu son cizon kawai, don kullum cewa yake duk wasan a sakin yake, karen da bai iya saki ba bai koyi komai ba.

A watan jiya wasu samari suka zo daga gida koyon abin. Kabtin ya ba su labarin ɗan Nijeriya na farko da ya taka filinsa, suka ce a haɗa su da amininsa. Aka haɗa su da Usman. A bakin wani ɗalibi na ji. Ba wanda ya gayyace ni, na hau mota na kai kaina filin.

Na tarar Usman ya naɗe hannun rigarsa yana nuna musu tabo a saman gwiwar hannu, inda Ra'ad ya taɓa kuskure algarara ya samu nama. Yana ba su labarin yadda Sagir ke kurma ihu, yana birgima a ƙasa da kare, yana dariya har da hawaye. Sagir ɗin da na sani ko tari a hankali yake yi. Na tsaya ina jin labarin abokina kamar na baƙo. Usman yana da tabon da zai nuna, samarin nan za su koma gida da wasan da sunan Sagir a bakinsu. Ni shekarun da muka yi tare ba su bar mini abin nunawa ba.

Ɗaya daga cikinsu ya juyo ya ce, "Malam, kai ma ka san shi?" Kafin in buɗe baki Usman ya ce, "Wannan ai shi ne Shehi Habu. Duk daɗin wasa, kafin magariba Sagir yake ajiye igiya, ya ce Habu ba ya iya cin abinci shi kaɗai."

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa, ko tausayina ya ji. Amma haka ne, ba na iyawa, har yau ma tura abincin kawai nake yi. In Sagir ya faɗi maganar nan, to Usman ya ji ta daga bakinsa, ni kuwa sai bayan shekara bakwai na ji ta a bakin Usman. Wannan ma, Allah Ya gani, ina kishinsa.