Ranar da Gwaggo Falmata ta ajiye ni

Bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar Madam Falmata, ƙanwar babana, wadda ta koya wa ƴan matan Damagaram da yawa ƙwallon kwando. Kowace shekara dangi kan ce in rubuta wani abu a kanta, in ce musu to. Bana dai na zauna. Na zaci kuka zai zo, ko haushi, amma ko ɗaya bai zo ba.

A gida Gwaggo ce, a makarantarmu ta horon malamai kuwa Madam ce, kuma na sha wuya kafin in daina haɗa biyun. Tana da wata al'ada. Da an tashi wasa, ko mun ci ko an ci mu, ba mai tafiya wanka. Sai mu cire takalma, mu zauna a kewaye a kan sumuntin fili, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana faɗin abin da kowa ta yi. Mu muka sa wa zaman nan suna hisabi. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Cewa kawai za ta yi, "Ke, sau biyu kika bar yarinya ta wuce ki kina kallon alƙalin wasa." Kuma haka ɗin aka yi, ba ki da ta cewa.

Yanzu jikokina na nuna mini a waya yadda ake ba ƴan wasa maki, wannan bakwai, waccan huɗu, kowa da bakinsa, har wanda bai taɓa riƙe balo, wato ƙwallo, ba. Da Gwaggo na nan, na san karɓar wayar za ta yi ta kife ta a tabarma. A wurinta, in za ki auna mutum, ki dube shi ido da ido tun guminsa bai bushe ba.

Ina shekarar kusa da ƙarshe aka yi babban fari. Damina ta zo ta wuce ba a ga komai ba, mutanen karkara suka cika bakin gari da ƴaƴansu da tukwanensu. A makaranta jar dawar taimako ake tuƙa mana rana da dare. Mu ƴan Birni mu ne masu ƙorafi, wai tana mana ɗaci. Ƴan ƙauye shiru suke ci.

A cikin haka aka ce za a ɗauki goma daga cikinmu su zauna a makaranta duk babban hutu, ana ciyar da su, su shirya wa gasar makarantu. Sauran kowa ta tafi gidansu. Wasanmu da ƴan matan lise, wato babbar sakandare, shi ne ma'aunin.

Ranar hannuna ya yi daɗi, wallahi duk abin da na jefa shiga yake. Zulai kuwa, wata doguwa ƴar ƙauyen Hamdara, wadda a farkon shekara ba mai ƙwace balo a hannunta a ƙarƙashin kwando, ƙafafunta suka ƙi. Bayan hutun rabin lokaci sai ta tsaya ta dafa gwiwa, a jefo mata, ya suɓuce. Duk mun san anza, ƴaƴan dajin nan masu ɗaci na lokacin yunwa, ake ci a garinsu. Mun san tana shanya rabin tuwonta a bayan taga, tana aika wa ƙannenta in ta sami mai tafiya. Amma irin wannan ba a faɗi, ita ma da za ki tambaye ta cewa za ta yi ta ƙoshi.

Muka zauna hisabi. Da Madam ta zo kaina ta ce, "Yagana, hannunki na hagu bai san an yi wasa yau ba. Kuma ba ki komawa tsaro da wuri." Gaskiya ne, halina ne tun da. Na jira sauran maganar, sai na ga ta wuce. Ga Zulai ta ce, "Kin tsaya inda ya kamata." Washegari aka kira sunaye, da Zulai, ba ni.

Na ɗauki akwatina na tafi gida, na ci tuwon innata har da miyar nama. Baba ya ce, "To mene ne? Ai ƙwallo ce." Ban sake shiga fili ba. Jarrabawa ta zo, aka tura ni koyarwa, aure ya biyo. Akwai wata ƴar ƙauyen Dakusa da ita ma ba a ɗauka ba. Ba ta dawo bayan hutu ba, ba a gaya mana dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ni da Gwaggo muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya, ba wadda ta taɓa tayar da zancen. Sai a ciwonta na ƙarshe, ni ke jinyarta. Wata rana ina matsa mata ƙafa na ji bakina ya ce, "Gwaggo, wasanmu da ƴan lise, da gaske ban yi komai ba?"

Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Ban ga wasanki ba, Yagana. Zulai nake kallo tun daga farko har ƙarshe, ina tsoron kada ta faɗi. Ke na san abin da ke cikin rumbun gidanku."

Ta nemi ruwa, na ba ta.

Filin nan yanzu ya tsattsage, kwandon ma an cire. Zulai ta koyar a Tirmini har ta yi ritaya, ta zo mana ta'aziyya da ƴaƴanta manya, ta yi kukan da ni ban yi ba. Na san Gwaggo ta yi daidai, da ni ce ma ƙila haka zan yi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ni dai wasa ɗaya na taɓa yi mai kyau a rayuwata, kuma wadda na yi shi dominta ba ta kalla ba.