Haƙorin Tangaran da Tsakuwar Tunuga

Masu aiko mini da "Hajiya Rabi, shiru haka?", ga ni. Ban mutu ba, duk da akwai waɗanda suka so hakan.

Ga wanda bai sani ba, sarin shinkafa nake yi daga hannun manoman bakin kogi. Ba ni da na'urar awo, haƙorina ne na'urata. In ɗauki ƙwaya in ciza. In ta ce ƙas, ta bushe, in saya. In ta yi laushi, a mai da ita shanya.

Kafin sojoji su hau mulki, turmin haƙorina na dama ya ruɓe. Na ƙetara Benin, aka sa mini hular tangaran a kansa, fari tas. Ba wanda ya tambaye ni sana'ata, ni ma ban ga dalilin faɗa ba.

Wata rana a Tunuga na ciji tsakuwa cikin samfurin shinkafa. Na ji ƙarar har ƙwaƙwalwata. Na duba madubi, ban ga komai ba, na ci gaba da ciniki.

Daga nan ruwan sanyi ya gagare ni. Sai wari. Sai kumburi, har idona ya rufe.

Ga gadar shiga Benin a rufe tun hawan sojoji, babu komawa wurin wanda ya sa mini. Azaba ta kai ni wurin mai cire haƙori a kasuwa. Ya kama da filaya, tangaran ya farfashe, saiwa ta karye a ciki. Ya goge hannunsa ya ce, "Hajiya, wanga haƙorin Nasara ne, ba aikina ba ne." Kuma ya karɓi kuɗinsa.

Ranar da bakina ya ƙi buɗuwa, yayata Mariyama ta sa ni mota sai asibiti a Yamai. Muna kan hanya, Zali, abokiyar kasuwancina da muke ci kwano ɗaya, ta yaɗa hoton fuskata a waya. Ta rubuta, "Ga ƙarshen ƙwalisa." Ta bi manomana gona-gona tana cewa ciwon daji ne ya kama ni, ba zan tashi ba. Wannan ya fi ciwon ƙona mini rai, har yau.

Aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, aka ɗebi jini, aka rataya mini serom na ƙarin ruwa. Ruɓar ta ci ƙashin muƙamuƙi. Awarwaron Mariyama na zinariya ne ya biya aikin tiyata. Na ji tsoro ƙwarai.

Likitan ya ce, "Masu binciken tangaran ɗin nan da inji suke gwada shi, a danna, a saki, a danna. Yana jure tauna shekaru. Amma abu mai tauri a kan ɗigo ɗaya yana tsaga shi, kuma tsagar ba ta haɗewa kamar ƙashi. Ta nan ƙwayoyin cuta suka shiga."

Na tambaye shi da hannu, yaushe zan koma ciza? Ya ce, "Hajiya, turamen gefen nan duka za su fita. Ɗaya gefen kuma lallaɓa shi za ki yi."

Alhamdu lillahi, na warke. Yaya Mariyama, Allah ya saka miki da Aljanna. Ma'aikatan jinya da suka riƙa ɗura mini kunu da sirinji, na gode.

Ku kuma, in za a sa muku irin wannan haƙorin, ku gaya wa likita duk abin da kuke yi da bakinku. In kun ji ƙara, ku je a duba ko babu ciwo. Kada ku bari mai filaya ya taɓa shi.

Jiya na koma bakin kogi. Wani manomina ya miƙo mini ƙwaya, na tsaya riƙe da ita a tafina. Ya jira, ya jira, sannan ya ɗauki buhunsa ya kai wa Zali.