Dokar Da Ta Fitar Da Ni Da Kawu Waje

Shekaru kaɗan bayan an gama yaƙin duniya na biyu, ina aikin buga tafireta a wani ofishin gwamnati a Ikko. A Agege nake kwana, a gidan kawuna, wan mahaifiyata, wanda ya ɗauke ni tun ina ɗan shekara shida bayan rasuwar iyayena. Kullum bayan asuba nakan bi jirgin ƙasa na ma'aikata zuwa tashar Ido, in dawo a na yamma.

Ni kaɗai ne Bahaushe a ofishin. Abokan aiki ba su da laifi, muna hira da Yarbanci tunda a nan aka haife ni, amma in lokacin cin abinci ya yi kowa yakan nemi 'yan garinsu, ni kuma in zagaya bayan ɗakin ajiye takardu in yi azahar. A gida ma kusan haka abin yake. Kawu fatoman goro ne, zaurensa ba ya rabuwa da baƙi daga Kano da Sakkwato, hirarsu duk ta huhun goro ce da wagunan jirgin ƙasa. In na shigo da wando da kwat sai a ce, "Akawu ya dawo," a amsa gaisuwata, a ci gaba da magana. Ba a kirana sai an kawo wayar tangaraho daga arewa ana neman mai karantawa.

Wata rana ogana ya ajiye mini wasu takardu ya ce in buga. Dokokin zama ne na majalisar da za ta riƙa gudanar da babbar kwalejin da ake shirin buɗewa a Badun, wadda daga baya ta zama jami'a. Sau huɗu na buga su saboda gyare-gyare, har na haddace su ban sani ba. A ciki an faɗi kwana nawa za a sanar da mutane kafin zama, da mutum nawa za su hallara kafin a iya yanke magana, da wanda zai riƙe zama in shugaba bai zo ba. Wadda ta fi shiga raina ita ce wadda ta ce duk wanda ya ɗaga hannu shugaba zai ba shi dama ya yi magana, sakatare kuma ya rubuta abin da ya faɗa. Ni a lokacin ban taɓa zama a wurin da aka tsaya aka saurari maganata har ƙarshe ba. Na roƙi oga ya bar mini kwafi ɗaya da tawada ta ɓata, ya yi dariya ya ce in ɗauka.

A shekarar ne dattawan unguwarmu suka yi shawarar kafa makaranta, inda yara za su koyi Alƙur'ani su kuma koyi boko, don ba sa son kai 'ya'yansu makarantar mishan. Aka kafa kwamiti na mutum tara. Limamin masallacinmu ne shugaba. Akwai Kawu, akwai Sarkin Pawa, akwai wani tsohon saje da ya yi soja tun yaƙin farko, da wasu fatake. Ni ne na tara, kuma an sa ni ne don ana bukatar mai rubuta wasiƙa zuwa ofishin ilmi.

Na ɗauki abin da zafi. Na zauna na tsamo dokoki goma sha biyu daga takardar nan na mayar da su Hausa, na rubuta da boko, na kuma yi wa Liman kwafi da ajami. A zama na biyu na nemi izini na karanta musu. Aka yi ta murmushi. Sarkin Pawa ya ce, "To, Akawu zai mai da mu Turawa." Saje kuwa ya ce abin ya yi daidai, haka ake yi a bariki. Liman ya duba takardarsa ya ce bai ga abin da ya saɓa wa shari'a ba. Da muka koma gida na ji Kawu yana gaya wa baƙinsa cewa ɗan ƙanwarsa ne ya tsara wa kwamiti doka. Ban taɓa jin ya yi maganata a zaure ba sai ranar.

Wata uku abubuwa suna tafiya. Muna zama kowace Lahadi bayan la'asar a wani ɗaki da ke jikin masallaci. Dokarmu ta ce ba a yanke magana sai mutum shida suna zaune, kuma ba mu taɓa gazawa ba. Sarkin Pawa, wanda ya fara yi mini ba'a, shi ya fi kowa son ɗaga hannu. In ya gama magana yakan leƙo littafina ya ce, "Ka dai rubuta?" Muka sami rumfa, muka sami benci, ofishin ilmi ya amsa wasiƙarmu ta farko. A watannin nan nakan ji kamar na sami wurin zama.

Sai aka zo maganar malamin da za a ɗauka. Mutum biyu ne. Ɗaya wani malami ne Bazazzagi da ya sauka unguwar bai daɗe ba. Ɗayan kuma ɗan Kawu ne na fari, wanda ya yi karatu a Ilori ya kuma iya boko gwargwado. Doka ta goma sha ɗaya ta ce duk wanda maganar da ake yi ta shafi shi ko danginsa, zai fita waje har a gama. Mako guda ina sane da wannan. Kullum ina ganin Kawu safe da yamma, ina durƙusawa in gaishe shi, ban ce masa komai ba. Na yi ta gaya wa kaina cewa ai yana nan aka karanta dokar. Gaskiyar ita ce ban san yadda zan fara ba, na ga ya fi mini sauƙi in bar takarda ta yi magana.

Ranar Lahadin mu bakwai ne, biyu sun yi tafiya. Da Liman ya buɗe da addu'a ya kawo batun, sai na ɗaga hannu.

"Allah gafarta Malam, kafin a shiga maganar akwai doka ta goma sha ɗaya."

"Karanta mu ji," in ji Liman.

Na karanta. Kawu yana zaune kusa da taga yana jan carbi. Ya dube ni ya ce, "Sake karantawa." Na sake. Ya mai da carbinsa aljihu, ya dafa gwiwa ya miƙe. Liman ya ce, "Alhaji, zauna, ai wannan tsakaninmu ne." Kawu ya ce, "A'a, Malam. Mu muka yarda da ita." Ya sa takalmansa a bakin ƙofa ya fita.

Na sunkuya zan rubuta cewa ya fita, sai Sarkin Pawa ya ɗaga hannu. Liman ya ba shi dama.

"Akawu, shi wannan da ake magana a kansa, mene ne shi a wurinka?"

"Taubashina ne."

"Ba tabarma ɗaya kuka tashi a kai ba?"

"Ita ce."

"To dokar taka ba ta san taubashi ba?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Duk makon nan Kawu nake gani a cikin dokar, ban ga kaina ba. Na rufe littafin na miƙa wa Saje, wanda bai iya rubutu ba, na fita.

Akwai itacen mangwaro a ƙofar masallacin, yana fuskantar layin dogo. Nan na tarar da Kawu a tsaye, hannuwansa a baya. Na tsaya nesa da shi kaɗan. Jirgin shanu ya zo wucewa daga arewa, dogo ne ƙwarai, muka tsaya muna kallonsa har wagon ƙarshe ya shige.

Na ce, "Kawu, ban yi don in kunyata ka ba."

"Na sani."

"Haka ake yi a manyan wurare. Don kada a ce an yi son kai."

"Ban ce dokar ba ta da kyau ba." Har yanzu bai juyo ba. "Jiya da yamma ka zo ka gaishe ni. Yau da safe ka zo. Da ka gaya mini a gida, da sai in ce ina da baƙi, in yi zamana. Ba wanda zai ga na ɗauki takalmi."

Muna nan tsaye Saje ya fito da littafin a hannu, ya ce da mu saura mutum biyar a ciki, kuma doka ta ce shida, saboda haka Liman ya ce ba za a iya yanke komai ba, mu dawo. Kawu ya ce ya gode, amma yana da baƙi. Ya kama hanyar gida. Ni na koma na rubuta cewa an tashi ba a yanke magana ba.

Kawu bai sake zuwa zama ba. Fatake biyu da suke sauke goronsu a wurinsa su ma suka daina zuwa, ba don ya hana su ba, don kunyarsa. Biyun da suka yi tafiya kuma ba su dawo da wuri ba. Sarkin Pawa ya zo sau biyu, ya ga ba a cika ba, ya ce shi yana da aiki a kwata. Ni kuwa ban fasa ba. Kowace Litinin nakan rubuta takardun sanarwa takwas, in bi gida-gida in raba, har da ta Kawu, wadda nake ajiye masa a kan buzunsa. Kowace Lahadi bayan la'asar in share ɗakin, in shimfiɗa tabarmi, in zauna. Liman yakan leƙo ya yi addu'a ya koma wurin ɗalibansa. Saje ne ya fi daɗewa tare da ni. Yakan zo a kan lokaci ya zauna a miƙe kamar mai gadi, mu yi rabin sa'a muna jira, sannan ya ce, "Rubuta ba a cika ba." Da damina ta sauka ƙafarsa ta kumbura, shi ma ya daina fitowa. Lahadi shida na yi ni kaɗai a ɗakin nan, ina jin ruwa a kan kwano, ina jiran magariba.

A gida Kawu bai taɓa yi mini faɗa ba. Abincina yana zuwa kamar kullum, yana amsa gaisuwata. Sai dai in an kawo waya daga Kano, ba a kirana kuma, akan kai wa wani Bayarabe mai rubuta wasiƙa a bakin tasha. Taubashina ya ci gaba da tsokanata kamar da, yana kirana alƙalin alƙalai. Wata rana na ce masa ya yafe mini. Ya ce, "Ni me ka yi mini? Tsohon ne dai ya daɗe yana faɗa wa mutane cewa kai ne idonsa."

Makarantar ta buɗe bayan babbar salla. Ba a ɗakinmu aka yanke maganar ba. Liman ne ya kira ni wata Juma'a ya ce dattawa sun haɗu a wurin wani suna, sun daidaita: Bazazzagin zai koyar da Alƙur'ani da safe, taubashina ya koyar da boko da hantsi. Yana so in rubuta wa ofishin ilmi.

Na ce, "Allah gafarta Malam, wane zama zan ce ya yanke?"

Ya ce, "Rubuta dattawa sun yarda."

Haka na rubuta. Shawarar kuwa ta yi kyau, ta fi duk wadda ni zan iya kawowa. Da safe in zan tafi tasha nakan ji muryoyin yaran daga rumfar. Ba wanda ya ce an rushe kwamiti, ba kuma wanda ya ce in kawo littafin. Na daina rubuta sanarwa.

Shekara ta zagayo aka fara neman akawuna masu jin Hausa a Kaduna. Na ba da sunana ban yi shawara da kowa ba. Da takardar canji ta fito, na sami Kawu a zaure da hantsi, ba baƙi, yana zaune shi kaɗai. Na durƙusa na gaya masa.

Ya ce, "Yaushe ne jirgin?"

"Alhamis."

"Ka taɓa ƙetare kogin Kwara?"

"Ban taɓa ba."

"Akwai sanyi can da ba ka sani ba. Ka ce a ba ka bargona mai ja." Ya yi ta lissafa mini tashoshin da jirgi yake daɗewa, da inda ake samun ruwan alwala, da wani mai masauki a Zungeru da zan gaisar masa. Ya daɗe yana magana, fiye da duk abin da ya faɗa mini a shekarar nan. Na so in tayar da tsohuwar maganar, sai na ga ya kama wata, na bar shi. Da zan tashi ya ce, "Allah ya tsare. Ka riƙa rubuto wasiƙa da ajami, don in karanta da kaina."

Ranar Alhamis taubashina ne ya raka ni tasha. Na riƙa rubuta wa Kawu wasiƙa duk wata, shi kuma ya amsa sau uku, gajeru, labarin ruwa da na mutanen gida. A shekara ta biyu ya rasu. Ina rangadi da ogana a ƙasar Zazzau lokacin da wayar ta zo, ban same ta ba sai bayan kwana tara.