Bututu a Hanci, Akushi a Ƙofar Gida

A ƙofar gidana ake ciyayya tun zamanin mahaifina. In an sallame magariba, kowane magidanci a layinmu sai a fito mashi da akushinshi, a jera bisa tabarma, mu bakwai mu zagaye, a fara da tuwon wannan gida a ƙare da na wancan. Ni ne alƙalin miya. Ba wadda ta taɓa wucewa ban yanke mata hukunci ba, ko gishiri ya yi ƙaura, ko daddawa ta yi fushi ta ƙi shiga. Matan layin sun san ni sarai, kuma na san ba addu'a suke yi mani a madafa ba.

Sai ga shi maƙogwaron alƙali ya rufe. Da fari tuwo ne ke tsayawa, na ce matata ce ta canza hannu. Daga baya fura ma ta koma shaƙe ni, ruwa kuwa in na kurɓa sai ya ɓace hanya, in yi ta tari. Da kaka ta yi, wandona ya fara faɗuwa da kanshi. Aka kai ni asibitin Agiye, daga can suka tura ni Maradi.

Lokotoron, wato likitan da ya duba ni, matashi ne, ga sanyin murya. Ya ce za a nemi maganin ciwon, amma kafin nan dole abinci ya sami wata hanya.

"Baba, hanya biyu ce. Ko mu zura maka siririn bututu ta hanci har ciki. Ba wuƙa, ba jini, yanzun nan a gama. Amma yakan goce, kuma in ya kauce ya nufi huhu aka zuba abinci, abin ba kyau. Ko kuma mu huda cikin, mu sa bututun a nan. Wannan ya fi zama wuri ɗaya, sai dai aiki ne, akwai rauni, kuma rauni na son tsabta."

Na ce, "Huda ni za ku yi kamar salka? Ɗana, shekara saba'in cikin nan na tafe da ƙofa ɗaya, ba yau za a yi mashi taga ba. Kawo na hancin."

Na kalli yadda wata ma'aikaciyar asibitin ta yi. Ta gwada tsawon bututun daga hancina zuwa kunne, daga kunne zuwa ƙahon zuci, ta shafa mashi wani abu mai santsi, ta ce in yi ta haɗiya. Sannan ta zuƙo ruwan ciki da sirinji ta duba, aka kuma ɗauki hoton ƙirjina. Duk wannan na ƙarshen na ɗauke shi iyayin 'yan lakol, masu karatun boko. Ni aji biyu na yi aka kore ni, amma na shekara talatin ina ɗura wa raguna magani da kwalba. A raina na ce, ashe wannan ne aikin da ake sa wa farar riga.

Ta ja wa matata kunne: in ya fita, kar kowa ya mayar, a kawo ni. Matata ta ce to. Ni ma na ce to.

Ranar da na dawo gida na fito ciyayya da bututu manne a kumatu da filasta. Taubashina, wanda gidanshi ke kallon nawa, ya dube ni ya ce, "A'a! Yaushe giwa ta shigo gari ba a sanar da mai unguwa ba?"

"Giwar ta zo ganin wanda ya shekara sittin yana cin tuwon mutane, nashi akushin kullum rabi."

Aka yi dariya, na ji daɗi. Amma da aka buɗe akussa sai wurin ya yi tsit. Kowa ya sunkuyar da kai yana cin tuwo kamar na sata. Ba mai tanɗe hannu, ba mai cewa a miƙo yaji. Wanda ke gefena ya ɗan juya mani kafaɗa don kar in ga lomarshi. Abin da muke shafe lokaci har kiran isha'i muna yi, suka gama shi kafin a ce me. Haka washegari, haka jibi. A kwana na biyar mutum biyu suka aiko cewa sun ci a cikin gida.

Tsokana ba ta taɓa kashe ni ba. Tausayi ne ban iya ɗauka. Na zauna na yi tunani irin nawa, na ce bututun nan da suke gani a fuskata shi ke hana su sakewa. Da la'asar sakaliya na shiga zaure na zare shi. Na naɗe shi na sa cikin hula, na wanke fuska, na fito na ce masu sauƙi ya samu, yanzu ina shan kunu a ciki, tuwo ne kawai aka ce in dakata. Ranar an yi hira. Har na sunsuna miyar taubashina na ce kuka ce ta bara.

Da safe na ɗauko man gyaɗa na shafa wa bututun. Matata ta tsaya a kaina da ƙwaryar kunu.

"Malam, ka ji tsoron Allah. An ce kar a mayar."

"An ce kar kowa ya mayar. Ni kowa ne? Hancina ne."

"Raguna ka sani, Malam. Kai ba rago ba ne."

"Ke dai riƙe mani madubi."

Ya shiga. Ta zuba kunu da sirinji, ya sauka lafiya. Washegari ma haka, in zare da yamma in mayar da safe. Na fara jin kaina, har ina tunanin da an bar ni a lakol da yanzu ni ke duba mutane a Maradi.

A rana ta uku ya shiga da sauƙin da ya fi na kullum. Na yi ɗan tari, na ce santsin mai ne. Na so in ce mata zuba, muryar ba ta fito sosai ba, sai na yi mata alama da hannu. Abin da ya shiga bai kai cikin ludayi ba. Na ji kamar an danna kaina cikin rijiya. Ina neman iska, iska na tsaye a tsakar gida ba ta shigowa. Matata ce ta fizge bututun ta jefar, ta fita ba mayafi tana kiran taubashina. Shi ya ɗora ni a amalanken jakinshi zuwa bakin kwalta, kuma tun daga gida har muka sami mota bai tsokane ni ko sau ɗaya ba. A nan na san abin ya yi tsanani.

Na yi kwanaki a asibitin Maradi ina zazzaɓi, huhuna ya kamu. Da na dawo hayyacina lokotoron ya zo ya zauna a bakin gado. Bai yi faɗa ba, ni kuwa na fi son a yi mani faɗa.

"Baba, a maƙogwaro hanyar iska da ta abinci maƙwabta ne. Mu da muke aikin ma ba mu yarda da hannunmu, shi ya sa muke dubawa kafin a zuba komi. Sau biyun farko sa'a ka yi."

Ya ce tunda abin nawa mai daɗewa ne, na cikin ya fi. Akwai inda ake zura na'urar leƙe ta baki a sa shi da ƙaramar huda, amma maƙogwarona ya ƙuntace, tura ta zai iya yi mani rauni. Ni wuƙa ce ta fi mani aminci. Na ce a yi tagar.

Yanzu bututun na ƙarƙashin riga, ba mai ganinshi. Matata na wanke bakin raunin kullum da tafasasshen ruwa, ta tace kunu da ƙyalle har sau biyu. An ce in ya fita a rufe wurin a kai ni a ranar. Wannan karon da na ce to, har cikin raina ne.

Na koma tabarma da fuska fes, ina zaton magana ta ƙare. Ashe ba bututun ba ne. Hannuna ne da ke ajiye bisa gwiwa. Sun riga sun san ba kunun da nake sha da baki, sun san abin da na yi don in zauna da su, sai kunyar ta ninka. Na ga taubashina ya ɗebo loma, ya dube ni, ya mayar da ita cikin akushi. Mutumin da tun muna yara ban taɓa ganin ya mayar da loma ba.

Daga ranar na daina fita. Na ce masu zaman ƙasa na takura raunin. Sun san ƙarya ce, suka karɓa, na gode masu.

Akushin gidana dai na fita kullum, don ba a ciyayya a ƙofar mutum ba tuwonshi. Ni kuwa ina cikin zaure, bango ɗaya tsakaninmu, na ɗage riga ina tura kununa a hankali. Ina jin su. Sun koma tanɗe hannu, sun koma gardama kan farashin wake a kasuwar Gazawa. Jiya wani ya ce miyar gidana ta yi gishiri, ba wanda ya tanka mashi. Na buɗe baki zan ba shi amsa ta cikin bango, sai na tuna ban ɗanɗana ba.