Falwaya ta Bakwai Daga Tasha

Lokacin da na fara zuwa Riyadh, in ka ce jirgin ƙasa abu guda kake nufi, wato layin da ya fita daga birni ya gangara kudu, ya ratsa gonaki da rairayi kafin ya karkata gabas ya nufi bakin teku. Yau akwai jirgin da ke bin ƙarƙashin unguwar Ulaya ba direba a cikinsa, kuma matasan da ke cika shi da safe ba su san da garuruwan da tsohon layin ya kafa ba. Ni na san ɗaya daga cikinsu, don na yi shekaru ina kai kayan masarufi can a motar kafil ɗina, Balaraben da takardar zamana take ƙarƙashin sunansa.

Tsofaffin garin sun gaya mini cewa kafin layi ya zo babu komai a wurin sai rijiya da 'yan itatuwan dabino. Da aka shimfiɗa dogo sai aka gina tasha mai ɗaki uku, da tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe, da jerin ɗakunan ma'aikata. Masallaci ya biyo baya, sannan kanti, sannan gidan burodi. Makiyayan raƙuma suka fara kafa tanti kusa da tankin, daga baya suka yi gini. Akawunan tasha mutanen Sudan ne, kanikawa daga Pakistan, mai burodi ɗan Yaman. Hausawa kuwa aikinsu kwashe rairayi daga kan dogo da shebur, domin iska takan rufe layin cikin yini guda.

Garin bai zo mini baƙo ba. A irinsa na tashi a kudancin Nijeriya, inda unguwar Hausawa take bayan tasha kuma ake loda goro a tarago. Na ga irinsa a Sudan ma. Titi ɗaya ne da ke bin gefen layi, gidaje duk suna fuskantar dogo, mutane kuma da kukan jirgi suke sanin lokaci. Abin da ya bambanta shi ne a Kudu daji ke ƙoƙarin cinye layin, a nan kuwa yashi.

Ban taɓa sanin yawan mutanen garin a takarda ba. Da sahun Juma'a nake auna su. A shekarun farko masallaci yakan cika har a shimfiɗa kwali a waje. Sai aka buɗe wani layi miƙaƙƙe don fasinja, wanda bai bi ta nan ba, aka bar wa garin jirgin kaya kawai. Injin kwashe rairayi ya karɓi aikin shebur. Zuwana na ƙarshe da motar kaya sahu uku na tarar, na ukun ma bai cika ba.

Abin da ya mayar da ni can bayan dogon lokaci shi ne wani abokina, mutumin Damagaram, mai gadin wani gida a Badi'a, unguwar da ni ma nake zaune. Ni Bakano ne, don haka tun ranar da muka haɗu bai daina kirana bawansa ba, ni ma ban daina ramawa ba. Da ƙuruciyarsa shi da ƙanensa suna cikin masu kwashe rairayin. Ƙanen ya yi zazzaɓi na kwana uku ya rasu, aka binne shi a maƙabartar garin. Ya bar matarsa da ciki a gida, ta haifi 'ya mace. Yarinyar nan yanzu ita ma uwa ce, kuma ko hoton ubanta ba ta taɓa gani ba.

Bara aka buga wa abokina huruj, takardar fita ta ƙarshe wadda ba a dawowa bayanta. Da 'yar ƙanen ta ji zai koma gida, sai ta roƙe shi abu guda a waya: ya je ya tsaya a kan kabarin ubanta, ya ɗauko mata hotonsa. Saura kwana tara ya tashi ya zo ya same ni.

"Bawana, tashi ka kai ubangidanka unguwa," in ji shi.

"Shekara ashirin kana Riyadh ba ka je ba, sai yanzu da aka kore ka?"

"Mai gadi yana da hutun Juma'a ne? Kullum cewa nake baɗi."

"Za ka gane wurin kuwa?"

"Ko ido rufe. Falwaya ta bakwai daga tasha. Ka tsaya a gindinta ka juya wa layi baya, taku arba'in. Akwai ƙarfe ma da na kafa."

A hanya ya yi mini bayani. A garinsu in an binne mutum akan kifa fasasshiyar tukunya a kan kabari, ko a kafa reshe, don dangi su gane. A nan ya ga duwatsu biyu kawai ake sawa, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, kowane kabari kamar ɗan'uwansa. Tukunya babu, saboda haka ya samo wani guntun ƙarfe na ɗaure dogo ya kafa shi a gefen dutsen kai. Don kada ƙarfen ya ɓace, sai ya ƙirga falwayoyin wayar da ke bin layi. Ya ce a lokacin bai ga abin da ya kai layin dogo tabbata a ƙasar nan ba.

Mun isa da hantsi. Ginin tashar yana nan, ƙofa a kulle, an toshe tagogin da katako. Tankin ma yana nan, ba ruwa. Dogo yana ƙyalli, alamar jirgi na bi har yanzu. Falwaya kuwa babu ko ɗaya, daga tasha har iyakar gani.

Abokina ya tsaya ya riƙe ƙugu. Ya bi gefen layin yana duba ƙasa ko zai ga ramin da aka cire su, amma rairayi ya daɗe da shafe komai. Ya gwada auna tazara da taku, ya ce tsakanin falwaya da falwaya taku sittin ne, can kuma ya ce ko saba'in. Sau bakwai in aka yi kuskuren taku goma, an wuce kabari da yawa. Ga shi an sāke katangar maƙabartar, an faɗaɗa ta, ƙofar da ya sani a gabas yanzu tana arewa.

Kanti ɗaya ne a buɗe a titin. Mai shi wani dattijo ne ɗan Sudan, wanda dā shi ne akawun tasha. Na gane shi, shi ma ya gane ni bayan ya ɗan dube ni. Ya zuba mana shayi, muka gaisa da Larabci, na gaya masa abin da ya kawo mu.

"Falwayoyin an kwashe su tun da aka binne waya a ƙasa," in ji shi, yana duban abokina. "Ƙarfe kuma masu kula da maƙabarta ba sa barinsa. Duk abin da ba dutse ba cirewa suke yi. Ba naka kaɗai ba ne, ya hajji. 'Yan Pakistan sun shafa fenti, shi ma an kankare."

"Babu littafin da aka rubuta?" na tambaya.

"Yanzu ana sa lamba. A wancan lokacin mu ne littafin, kuma saura ni da liman." Ya juya ga abokina. "Na tuna ƙanenka, dogo ne mai yawan dariya. Ina cikin waɗanda suka yi masa salla. Amma in na nuna maka wuri, ƙarya na yi."

Muka shiga maƙabartar mu biyu. Fili ne shimfiɗaɗɗe, duwatsu bibbiyu a jere har bango. Na lura kaburburan sun fi gidajen da ke da mutane a garin yawa nesa ba kusa ba. Abokina ya nufi ɓangaren da ya fi tsufa, ya yi ta kai da komowa tsakanin layuka biyar ko shida. Rana ta fara zafi.

"Malam," na ce masa, don na ga lokacin wasa ya wuce, "a cikin waɗannan yake, ko ba haka ba? Ka ɗauki ɗaya. Duk iri ɗaya ne. Ita ba za ta taɓa sani ba, kuma hankalinta zai kwanta."

"Ta sa hoton a waya tana nuna wa 'ya'yanta kabarin wani makiyayi?"

"Addu'a ai ba ta ɓata hanya."

"Addu'a daban, hoto daban. Kai Bakano komai ciniki ne a wurinka." Ya goge fuska da gefen rawaninsa. "Ce mini ta yi kabarin ubanta. In na kai mata wani, kullum ta gode mini sai na ji kunya."

Ya koma bakin ƙofa, ya fuskanci kaburburan gaba ɗaya, ya yi musu sallama, ya yi addu'a mai tsawo, ya ambaci sunan ƙanensa da na mahaifinsu. Bai ɗauki hoto a ciki ba. Da muka fito sai ya miƙo mini wayar, ya tsaya a gefen dogo, tasha da tanki suna bayansa, na ɗauke shi. Ya ce a nan ubanta ya yi aiki, wannan ya tabbata.

Muka yi Juma'a a masallacin garin. Sahu ɗaya ne da rabi, yawanci ma'aikatan gonakin da ke kewaye. Muna fitowa jirgin kaya ya zo, tarago bayan tarago, ya wuce tashar bai rage gudu ba, babu kuma wanda ya ɗaga kai.

A mota ya kira 'yar. Na ji yana ce mata, "'Yata, na je. Na ga maƙabartar, na yi masa addu'a, amma kabarin ban gane shi ba. Laifina ne, na daɗe ban zo ba." Sai ta tambaye shi ko akwai wanda ya san uban a garin. Ya ce akwai mutum ɗaya, kuma mutumin ya ce ubanta dogo ne mai yawan dariya. Ta sa ya maimaita mata.

Ya tashi ranar da aka sa masa. Ni ban sāke komawa garin ba. Jirgi ya daina tsayawa a can, Hausawan da suka kwashe masa rairayi duk sun watse, kuma babu sauran wanda zai iya nuna inda aka binne waɗanda suka rasu a cikinsu.